Injin tafiya na gida a hannun mai cutar Parkinson

Abin da ya sa na zaɓi wannan injin na bar sauran shi ne yana tashi daga rabin kilomita a awa. Waɗanda na gwada kafinsa da kilomita ɗaya suke farawa, kuma ga mai cutar Parkinson irina, wanda ƙafarsa ke ƙin ɗaguwa a takun farko, wannan bambancin babba ne. Bel ɗin da ake takawa na soma juyawa a hankali, sai in samu zarafin gyara tsayuwa kafin ya ja ni.

Mariƙansa dogaye ne, sun bi gefe biyu har kusan ƙarshen bel. Likitar gashin ƙashi ce ta matsa mini a kan haka, ta ce kada in kuskura in sayi shimfiɗaɗɗen nan marar abin riƙewa da ake turawa ƙarƙashin tebur. Gaskiya ta faɗa. Akwai kuma igiya mai maganaɗisu da nake maƙalawa a riga. Da zarar na yi baya ta fizge, injin ya tsaya.

Inda na fi ganin amfaninsa shi ne tsawon taku. Cutar na rage sinadarin dopamine a ƙwaƙwalwa, taku ya gajarce, mutum ya dinga jan ƙafa ba tare da ya lura ba. A kan bel ba dama: yana tafiya da gudu ɗaya, dole ka miƙa ƙafa, diddige ya fara sauka. Nakan hau ne bayan maganina levodopa ya fara aiki, don kafin nan jikin a sandare yake. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2018 ya sa sababbin kamuwa, waɗanda ba su fara shan magani ba, tafiya mai ƙarfi sau huɗu a mako na wata shida, bugun zuciya na kaiwa kashi 80 zuwa 85 na iyakarsa, alamun cutar kuma ba su ƙaru sosai ba. Ni ban kai can ba tukuna, likita ce ke ƙara mini gudu kaɗan-kaɗan.

Aibinsa maɓallai. Ƙanana ne, a shafe suke da allon, hannu mai rawa kuwa sai ya danna sau biyu, gudu ya ƙaru ba shiri. Wannan na ba ni haushi ƙwarai, domin manyan maɓallai masu tudu ba za su gagari masu ƙera shi ba.

Bai hana ƙafata kafewa a bakin ƙofa ko wajen juyawa ba, tunda shi miƙaƙƙiyar tafiya kawai ya sani. Saukowa ma sai da kula, ƙasa takan yi kamar tana motsi, wani lokaci jini ya sauka jiri ya ɗebe ni. Shi ya sa kujera ke gefensa kullum, kuma ba na hawa sai da mutum a gida.