Maganar zubar da ciki a Saudiya, ga amsar tambayarki Yaya

Yaya barka da war haka, ya yara, ya ƙafar Umma? Ranar nan kin tambaye ni wai da gaske ne a Saudiya ana cire ma mace ciki a asibiti, kafin in amsa netwok ya ɗauke, to bari in rubuto miki a tsanake dan maganar nan ta daɗe tana cin raina.

Gaskiya ne ana yi, amma ba yadda ake ba ku labari ba. Ba mace ce za ta wanke ƙafa ta je mustashfa, wato asibiti, tace bana son cikin nan a cire ba, wannan kam ɗauri ne har da likitan. Doka ta bada dama in rayuwar uwa na cikin haɗari, ko kuma cikin bai kai wata 4 ba kuma barinsa zai mata mummunar illa, shi ma sai kwamitin likitoci ya zauna ya duba ya sa hannu. Manyan malaman ƙasar sun fitar da fatawa tun 1987, suka raba abin kashi kashi, kwana 40 na farko da sauƙi in akwai dalili na shari'a, daga nan sai da shaidar likitoci, in an wuce kwana 120 da aka busa rai to sai dai in uwar ce za a rasa. Kuma sun ce tsoron talauci ko wahalar tarbiyya ba dalili bane. Mu da muka taso a Malikiyya da ake tsanantawa tun daga farkon shigar ciki, ranar da na fara jin zancen kwana 40 ɗin nan sai da na riƙe baki wallahi.

Ni kaina kin san abinda ya same ni bara, cikin wata 3 aka yi sikanin akace zuciyar yaro ta tsaya. Inshorar kamfanin Baban yara ce ta biya, aka kwantar dani, likita mace ta min bayani, nas ce ta bani maganin da hannunta tana tsaye, aka sake sikanin kafin a sallame ni. Ina kwance ina kuka amma abinda ke raina matan garinmu ne da ake ɗaukowa a adaidaita jini na zuba, a ce a je a nemo mai bada jini, a sayo safar hannu da ruwan ƙari tukunna a taɓa su.

Maganin nan Cytotec, ƙwayar da ake zubar da ciki da ita, da kowane ɗan kemis yake miƙowa a gida ba tambaya, nan ki zaga saidaliyya, wato kemis, goma a Jidda ba za ki samu ba, na asibiti ne kawai. Ko antibayotik ma ba sa baki sai da takardar likita. A Najeriya kuwa dokar a takarda ta fi ta nan tsauri, Arewa Penal Code Kudu Criminal Code, duk ceton ran uwa kaɗai suka yarda dashi, ɗauri har shekara 14, amma ƙwayar tana kan kanta, yarinya ta saya ta sha a ɗaki ita kaɗai ba wanda ya faɗa mata adadi ko cikin wata nawa ne, sai ta galabaita a sani. Kin tuna 2022 Legas ta fitar da ƙa'idoji wa likitoci kan cire cikin da doka ta riga ta halatta, malaman addini suka taso, cikin 'yan kwanaki gwamnan Legas Sanwo-Olu ya dakatar. Wata maƙociyata 'yar Sudan tace su dokarsu ta 1991 ta ba wadda aka yi wa fyaɗe dama in bai wuce kwana 90 ba, mu ko wannan babu.

Amma kar ki ɗauka nan aljanna ce. Duk abinda na lissafa na mai igama ne, wato takardar izinin zama a ƙasar. 'Yan uwanmu da suka zo Umara suka zauna, masu shagala, wato aikatau, a gidaje da masu talla a unguwar Karantina ta Jidda, su asibiti tsoronsa suke kamar ofishin jawazat na shige da fice, dan gani suke daga gadon asibiti sai tarhil, wato a tasa ƙeyarsu gida. In cikin ba na aure bane tsoron ya ninka. Sai a koma jiƙe jiƙe da ƙwayar da aka shigo da ita a ɓoye ana sayarwa da tsada, ba a san ma ko ta gaske ce ba. Akwai wata yarinya a layinmu da ta kwana biyu tana zubar da jini uwar ɗakinta ta hana a kira 997, lambar motar asibiti, sai da mu mata muka taru muka ce ko me zai faru a kaita. Ta rayu alhamdulillah, yanzu haka tana gida.

Dan Allah Yaya ki matsa ma amaryar ƙaninmu ta fara zuwa awo, naji ance ƙafafunta na kumbura, a auna mata hawan jini cikin satin nan. Zan turo kuɗin sikanin ɗin ranar Alhamis in sha Allah.