Rufaffen ɗaki, ɗaki mai fili ko keji: auna wuri kafin ka sayi 'yan talotalo

A ranar farko 'yan tsakin talotalo ɗari ko kusurwar ɗaki ba sa cikawa, shi ya sa mai saye yake kwasa fiye da kima. Amma namijin irin da ake kiwo don nama yakan kai kilo 18 zuwa 20 a mako 20, macen kuma kusan rabin haka a mako 16. Da wannan nauyi na ƙarshe ake lissafin wuri.

Rufaffen ɗaki mai shimfiɗar garin katako shi ya fi ɗaukar tsuntsaye da yawa. A Jamus, yarjejeniyar masu kiwo ta 2013 ta yarda a kai kilo 58 a murabba'in mita ɗaya ga maza, 52 ga mata. Dokar Ostiriya ta tsaya a kilo 40. Sai dai waɗannan gidaje ne da aka gina musamman don iska ta riƙa shiga tana fita dare da rana. In tagogi kawai gare ka, ko 40 ɗin ma ganganci ne a ganina. Cunkoso daga ƙasa yake fara ɓarna: kashi ya yi yawa, shimfiɗa ta jiƙe ta dunƙule, warin amoniya ya tashi ya taɓa idanu da numfashi. Ɗaga talotalo ɗaya ka juya ƙafarsa. In ka ga baƙin miki a tafin, ko ƙirjin ya yi bororo saboda yawan kwanciya a danshi, wurin ya yi musu kaɗan. Daga nan sai saran juna, mai ƙarfi ya tare mazubin abinci, raunana su tsumbure. Ranar tsananin zafi kuwa manyan ne ke fara faɗuwa.

Ɗaki mai fili a waje ya fi sakewa. Ƙa'idar Tarayyar Turai ga irin wannan kiwo ita ce kilo 25 a murabba'in mita ɗaya a cikin ɗaki, da fili na murabba'in mita 4 ga kowane tsuntsu. Ƙafafu sun fi lafiya, faɗa ya ragu. Matsalarsa cutar baƙin kai mai lalata hanta, wadda ke ɓuya a ƙwan tsutsar cikin kaji da kuma jikin tana. Filin da kaji suka yi kiwo a kai, kada talotalo ya taka shi.

Keji mai ƙasan waya, ban ba ka shawara ba sai don renon makonnin farko. Tsuntsu mai wannan nauyi waya na cin ƙafarsa.

Ga lissafin: ɗaki mai murabba'in mita 20 zai ɗauki manyan maza 40, masu kilo 20 kowanne, a ma'aunin kilo 40, amma 25 kacal a ma'aunin kilo 25. Don haka tambayi mai sayarwa ko an ware maza da mata, kuma nauyin da irin yake kaiwa. In a cakuɗe suke, yi lissafinka kamar duk maza ne, ka sayar da matan da wuri don mazan su samu wurin miƙe ƙafa.