Tsohon gidan dutse a ƙauyen Faransa, ko sabon gini a gari?

'Yan uwa mazauna Faransa sun yi ta tambayata: tsohon gidan dutse mai rumbu da lambu, irin na ƙauyukan yankunan Creuse da Dordogne, ko sabon gini a gari?

A farashi na ƙauye ya fi araha nesa ba kusa ba, musamman a Creuse. Sai dai kuɗin takardu da haraji kan tsohon gida yakan kai kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari, na sabo kuwa 2 zuwa 3. Ga gyara, kuma nan ne ya fi damuna. Ka hau ka duba katakon rufi, ka dafa bangon ciki ka ji ko akwai danshi. Ramin masai da bai cika ƙa'ida ba, shekara 1 doka ta ba ka ka gyara bayan ka sayi gidan. Ɗumama ɗakunan dutse lokacin sanyi ma yana lashe kuɗi.

Sabon gini na da garantin shekara 10, likita da makaranta na kusa, amma da wuya ka samu inda za ka shuka ko tumatir.

Mai mota da hannun gyara da ajiyar ko-ta-kwana, gidan dutse zai yi masa daɗi. Mai ƙananan yara da aikin ofis ya tsaya a gari.