Fankar banɗaki mai sensar danshi, ta yi amma sai an kafa ta daidai

Masu tambaya ko fankar nan ta banɗaki mai tashi da kanta ta cancanci saye, ni dai amsata eh ce, amma akwai magana. Wadda nake nufi irin ta silin ce mai jan iska CFM 80, wato kubik ƙafa 80 na iska a minti ɗaya, bakin bututunta inci 4, tana da 'yar sensa a ciki da ke jin danshi ya yi yawa sai ta tashi, in ya sauka ta tsaya. Banɗakin da aka sa ta ba shi da taga ko ɗaya, kuma kafin a sa ta kusurwar silin ta saman shawa ta yi baƙi ƙirin da fumfuna, fenti ya kumbura yana ɓarewa, tawul in ka rataye da safe har dare yana nan jiƙe-jiƙe da warin nan mai hawa kai.

Maganar ƙarfi ba ta da wuya. Cibiyar HVI ta Amurka, masu gwada irin waɗannan fankoki, lissafinsu shi ne CFM ɗaya ga kowace ƙafa murabba'i ta ƙasan banɗakin, kuma kar a yi ƙasa da 50 komai ƙanƙantarsa. Banɗaki mai ƙafa 8 da 7 kenan 56 yake nema, to 80 ta ba shi rara. In kwalin naka da mita aka rubuta, CFM 50 wajen kubik mita 85 ne a awa.

Abin da ya fi burge ni shi ne shirunta. Ana auna ƙarar fanka da sone, sone 1 kusan ƙarar firij ne mai lafiya, wannan ba ta ma kai 1 ba, su kuwa masu arahar nan da yawansu 3 ne zuwa 4, kana kunnawa duk gidan ya sani. Mutane na raina wannan amma wallahi nan ne rabin matsalar, fanka mai ƙara kashe ta ake yi da an fito wanka musamman da daddare in wani na barci, alhali tururin bai gama fita ba, ana so ta ƙara kamar minti 20 bayan an rufe famfo. Na san dai akwai masu son ƙarar don tana rufa musu asiri in suna uzuri, to wannan kam ba za ta rufa maka komai ba, ka sani tun yanzu.

Sensar ita ce dalilin da zan ce a saya, don ba kowa ke tuna makunni ba, yara ma ba a magana. Kana buɗe ruwan zafi ba daɗewa za ka ji ta ɗauka, ka fito ka yi tafiyarka ita tana can tana aikinta, in ka dawo madubi ya washe, ɗigon ruwan da ke taruwa a tayil ɗin sama babu shi. Na saita ta wajen danshi kashi 60 cikin 100 saboda daga nan zuwa sama ne fumfuna ke samun wurin zama, kuma abu in ya jiƙe ya kai awa 24 zuwa 48 bai bushe ba tana iya fara tsirowa.

Amma fa sensar tana da nata haukan. Lokacin da ake ruwan sama a jere iskar gidan kanta cike take da laima, sai fankar ta ɗauka wanka ake yi ta kama juyi ba tsayawa, tana fitar da iska mai danshi wata mai danshin tana shigowa, aikin banza kawai da cin wuta. Maganin shi ne ka ɗaga saitin zuwa 70 ko sama, sai dai ɗan maɓallin saitin a bayan murfi suka ɓoye shi, sai ka hau tsani ka janyo murfin ƙasa ka matse wayoyin ƙarfen nan biyu da ke riƙe da shi sannan ka juya abin da ƙaramar sukundireba kana ɗaga kai ƙura na zubo maka a ido. Wannan tsarin bai yi ba gaskiya. Sannan ba ta jin wari, danshi kawai ta sani, don haka ka ce wa mai haɗa wutar ya bar maka makunni na hannu daban.

Inda mutane ke faɗuwa kuma su zagi fankar shi ne bututu. Lambar da ke jikin kwali a ɗakin gwaji aka samo ta, ba a silin ɗinka ba. In aka ja bututun roba mai lanƙwasa ya yi tsawo, ya yi kwana biyu ko uku, ya lotsa a tsakiya, 80 ɗin nan ba za ka gan ta ba, ga ruwa zai riƙa kwanciya a inda ya lotsa. A yi shi gajere, miƙaƙƙe, mai santsi a ciki, ya ɗan karkata zuwa waje don ruwan da ya taru ya gangara can maimakon ya dawo ya ɗigo ta fankar. Kuma dole ya fita waje fa, ba a sake shi tsakanin silin da rufi ba kamar yadda wasu masu aiki ke yi don gudun fasa bango, wannan kwashe fumfunar ka yi daga inda kake gani ka kai ta kan katako inda ba ka gani.

Ƙofa ma haka. Iskar da fankar ta fitar sai wata ta shigo ta maye gurbinta, in ƙofar ta manne da ƙasa ruf to kamar mutum ne ya toshe hanci da baki ya ce zai ja numfashi. A bar 'yar tazara kamar santimita 1 zuwa 2 a ƙasan ƙofar. Gwajin mai sauƙi ne, rufe ƙofa, kunna fankar, ɗora falle ɗaya na tishu a murfin ka saki. In ya manne tana ja, in ya faɗo akwai matsala, buɗe ƙofar ka sake gwadawa, in yanzu ya kama ka san laifin ƙofa ne ba na fanka ba.

Ba ta cire fumfunar da ta riga ta kama, sai ka wanke ka kankare wurin ya bushe kafin fenti, kuma kar ka haɗa bilic da wani maganin wanki mai amoniya ko asid, hayaƙin da zai tashi guba ne. In kuma danshin daga famfon da ke yoyo cikin bango yake, ko fanka nawa ka jera ba za su busar da shi ba, mai gyaran famfo kake nema. Wadda za ta zauna kusa da shawa a duba tana da alamar IPX4 ko sama, wato mai jure fantsamar ruwa, ƙwararre ya haɗa wutar.

Wanda banɗakinsa ke jikin bangon waje kuma yana da taga, ban ga dalilin wahalar silin da bututu ba, ƙaramar ta bango mai taima ta ishe shi, a dai tabbata tana da marfin da ke rufe kansa in ta tsaya don iska da ƙwari kar su riƙa shigowa ta nan.