Family Link: Tana Kashe Rikicin Waya da Dare, Amma Ba Ta Ganin Damuwar Yaro

A gidaje da yawa, rigimar da ta fi cin ran iyaye ba ta kuɗin makaranta ba ce, ta bayan sallar Isha'i ce. Uwa ta ce a ajiye waya, yaro ya ce "Mama, saura kaɗan." Ta sake faɗa, ya yi kunnen uwar shegu. A karo na uku sai tsawa, sai fizge waya, sai kuka, kowa ya kwanta da ɓacin rai. Gobe a sake. Wannan ƙaramin yaƙi na kullum shi ne abin da manhajar Family Link ta kula da wayar yara, wadda Google ya fitar a 2017, za ta iya ɗauke wa gida. Kyauta ce, kuma aikin da ta iya tana yin sa da kyau. Sai dai akwai gidajen da ba za ta amfana musu komai ba, akwai kuma abin da iyaye ke zaton tana gani alhali ba ta gani.

Uba ko uwa su sauke ta a wayarsu, Android ce ko iPhone. Wayar yaron kuwa Android ake so, Tecno ce, Infinix ko Samsung. A buɗe wa yaron asusun Google nasa daga cikin manhajar, a sa ranar haihuwarsa ta gaskiya, sannan a shiga wayarsa da wannan asusu a haɗa su. Idan intanet na da ƙarfi, kwata ɗin awa ya isa. Rukunin iyali na Google, inda ake haɗa asusun 'yan gida, yana ɗaukar mutum 6 ne kacal, har da mai kula da shi, don haka gidan da ke da yara bakwai ko takwas sai an raba su tsakanin asusun manya biyu.

A nan mutane suka fi tuntuɓe. Yawancin wayoyin yara a shago aka buɗe musu Gmail ranar saye, da shekarun babba, wani lokaci ma da kalmar sirrin da mai shagon kaɗai ya sani. Manhajar tana buƙatar a cire sauran asusun da ke kan wayar yaron kafin kulawar ta fara. A kwashe hotuna da lambobi tukuna, in ba haka ba wasu za su tafi da tsohon asusun.

Abubuwa uku ne suka sa ta cancanci wahalar. Iyakar lokacin kallo na kowace rana, wadda za a iya bambanta ta, Litinin daban Asabar daban. Lokacin barci, inda waya ke kulle kanta ta buɗe da safe. Sai iyaka a kan manhaja ɗaya ɗaya, misali minti 30 ga wasa, a bar manhajar Alƙur'ani ko ta karatu a buɗe. Ko waya ta kulle, yaro zai iya amsa kira, zai kuma iya kiran gaggawa, saboda haka ba a yanke shi daga iyayensa ba.

Lokacin barcin nan shi ne zuciyar al'amarin, kuma da lissafi ake sa shi, ba da fushi ba. Masana barci sun ce yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar awa 9 zuwa 12, matashi mai 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10. Yarinya 'yar shekara 8 da ake tayarwa ƙarfe 6 na safe, ke nan ƙarfe 9 ya kamata barci ya riga ya ɗauke ta. Hasken allo da zumuɗin wasa ba sa barin ido ya rufe nan take, don haka a kulle waya awa ɗaya kafin nan, wato ƙarfe 8. Yaron da barci bai ishe shi ba ba hamma yake yi kamar babba ba. Rigima yake yi, ya doki ƙaninsa, ya kasa zama a aji. Iyaye da dama suna dukan rashin barci suna kiran sa rashin kunya.

Kada a wayi gari a zaftare awa 5 zuwa awa 1. Satin farko a bar manhajar ta ƙirga kawai, a ga ainihin lokacin da yake ci. Sannan a zauna da shi da rana, ba lokacin faɗa ba, a nuna masa adadin, a riƙa rage rabin awa duk bayan kwana uku ko huɗu. Saura minti biyar a kulle, a faɗa masa da baki: "Abba, ka ƙarasa, ta kusa rufewa." Akwai maɓallin ƙarin lokaci, kuma shi ne ke rusa tsarin a gidaje da yawa. Idan yaro ya gane kuka yana kawo ƙarin minti 15, to an koya masa kuka. A ajiye shi sai ranar tafiya ko jinya, kuma Baba da Mama su yi magana ɗaya a kansa.

Kurakuranta ba ɓoyayyu ba ne. Duk canjin da aka yi daga wayar iyaye ba ya isa wayar yaro sai tana kan intanet, haka ma nuna inda yaron yake. Ranar da data ta ƙare, sai a yi amfani da lambar buɗewa da manhajar iyaye ke bayarwa, a shigar da hannu. Ba ta karanta saƙon WhatsApp, ba ta nuna abin da ke kan allo, ba ta tace bidiyon da ke cikin TikTok. Finafinan da aboki ya tura ta Xender kuwa suna nan cikin waya ba sa neman intanet, sai an sa iyaka a kan manhajar kunna bidiyon ita kanta.

Babbar matsala ita ce, a yawancin gidajenmu yaro ba shi da wayarsa, ta mahaifiyarsa yake ɗauka. A nan Family Link ba ta da abin yi, domin ba za a mayar da wayar uwa ta yaro ba. Abin da ya fi dacewa shi ne maƙale manhaja ɗaya a allo, wanda ke cikin saitin tsaro na Android, ta yadda yaro ba zai fita zuwa wani wuri ba sai da lambar sirri, tare da agogon ƙayyade lokaci na YouTube Kids, manhajar bidiyon yara, mai kai wa minti 60. Ga ƙanana kuwa, ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ita ce kada a zaunar da ɗan ƙasa da shekara 2 gaban allo, ɗan 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini.

Yanzu ga abin da ba ta gani. Manhajar tana ƙirga mintoci, ba ta san dalilin da ya sa yaro ya nutse cikin waya ba. Sau da yawa wayar maɓoya ce, ba ita ce cutar ba: an yi sabuwar haihuwa, ko an kawo amarya, ko iyaye na yawan cacar baki, ko wani yana cin zalinsa a makaranta ko Islamiyya. Yaro ba ya cewa "ina cikin damuwa." Jikinsa ne ke faɗa. Ciwon ciki ko ciwon kai da ke zuwa safiyar makaranta ya ɓace ranar hutu. Fitsarin kwance ya dawo bayan ya daina shekara guda. Cin farce, firgita cikin barci, manne wa zanin uwa, tura kwanon tuwo gefe, ko yaro mai surutu ya koma shiru. Idan rahoton manhajar ya nuna kallo ya ninka cikin sati ɗaya kuma ga ɗaya daga cikin waɗannan, ƙara matse lokaci zai ƙara masa ƙunci ne kawai. Abin da yake buƙata minti 10 ne kullum shi kaɗai da uba ko uwa, babu waya a hannun kowa, shi zai zaɓi abin da za a yi, babu faɗa babu tambayar sakamakon jarrabawa. Magana takan fito bayan 'yan kwanaki, ana tsinkar zogale ko ana hanyar masallaci.

Su ma iyaye su duba kansu. Wuya ya sage, barci ya ƙi zuwa, ƙaramin abu ya jawo tsawa, waɗannan alamu ne. Kafin a ɗaga hannu, a fita tsakar gida, a ja numfashi ana ƙirga huɗu, a sake shi a hankali ana ƙirga shida, sau goma. Fitar da numfashi mai tsawo yana sassauta bugun zuciya. Kuma yaro ba zai yarda da kullewar ƙarfe 8 ba matuƙar yana ganin Baba yana latsa tasa har sha biyun dare, don haka a samu wuri ɗaya a falo inda duk wayoyin gidan ke kwana a caji.

Idan alamun suka wuce sati biyu, ko suka hana yaro zuwa makaranta, a kai shi asibiti a fara duba zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki da cutar mafitsara. In ba a sami komai ba, a nemi a tura su wurin likitan ƙwaƙwalwa. Akwai asibitocin tarayya na wannan fanni a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri. Yaron da ya ambaci kashe kansa ko ya fara ji wa jikinsa rauni ba a jiran sati biyu, ranar za a kai shi.

Ga gidan da yaro ɗan 7 zuwa 12 ke da wayarsa ko kwamfutar hannu, a sa Family Link, ta cancanta. Ga matashi ɗan 15, sai an zauna an yi yarjejeniya da shi, domin idan aka tilasta masa, wayar aboki zai ara.