Hanyar Juwan Howard ko ta Penny Hardaway?

Duk ɗan wasan NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, da ya rataye takalmi yana son horar da ƙwallon kwando a jami'a, hanya biyu ce a gabansa. Ko ya zauna ƙarƙashin babban koci ya koyi aiki, ko ya sauka wajen yara ya fara daga tushe.

Juwan Howard ya bi ta farko. Bayan kaka 19 a NBA, ya yi shekara shida yana mataimakin koci Erik Spoelstra a ƙungiyar Miami Heat, sannan tsohuwar jami'arsa ta Michigan ta ɗauke shi a 2019. Ya zo da sanin dabaru, har aka zaɓe shi gwarzon koci a 2021. Amma a 2024 aka sallame shi, bayan ya ci wasa 8 kacal a kakar, aka doke shi a wasa 24.

Penny Hardaway kuwa gida ya koma, Memphis. Ya fara da taya wani abokinsa da ke fama da ciwon daji horar da 'yan ƙaramar sakandare, daga nan ya koma East High School. Da jami'ar Memphis ta ba shi aiki a 2018, ya riga ya san yaran garin da iyayensu da unguwanninsu. Wannan ne ya fi burge ni, domin a wancan lokacin a jami'a ba sayen gogaggu ake yi ba, sai ka shawo kan ɗan shekara 18 da mahaifiyarsa. A 2019 ya kawo haziƙin matashin ɗan wasa James Wiseman, a 2021 ya ɗauki kofin NIT, gasar jami'o'i mai daraja ta biyu.

Ni dai na fi karkata ga hanyar Hardaway, ko da yake ya ɗauki shekara huɗu kafin ya kai Memphis gasar NCAA, babbar gasar jami'o'in Amurka.