Tsohuwar wayar eriya da sabuwar dikoda: a canza ko a bar ta?

Tun da aka ƙaddamar da talabijin na dijital a Jos a 2016, masu sayar da dikoda suka sami abin faɗa: sai ka canza waya gaba ɗaya. A Kasuwar Wunti da ke Bauchi za a miƙo maka dikodar StarTimes ko GOtv, a ɗora maka nadin waya a kai tun kafin ka tambaya. Gaskiyar magana, waya ba ta san dijital ba. Siginar dijital, wadda ake kira DVB-T2, a zangon watsa shirye-shirye na UHF take tafiya, inda tsofaffin tashoshi da dama suke bi, don haka waya mai lafiya za ta ɗauke ta.

Abin da ya sauya shi ne haƙuri. A da, idan sigina ta yi rauni, sai hoto ya yi yayyafi amma ka ci gaba da kallon labarai. Dikoda kuwa ko ta ba ka hoto tas, ko ya daddatse ya kame, ko ya ɗauke ƙaf. Lahanin da waya ta daɗe da shi ne yake fitowa fili.

Idan taka faffaɗar nan ce mai layi biyu ta zamanin talabijin baƙi da fari, cire ta kawai. Idan zagayayya ce, duba rubutun jikinta. RG59 siririya ce, tana zubar da sigina in tafiya ta yi nisa, amma daga saman kwano zuwa falo ɗaya takan wadatar. RG6 ta fi kauri da kariya, ita ce ta dace da doguwar tafiya, ko gidan da za a raba wa ɗakuna, ko mai niyyar kafa farantin satalayit nan gaba.

Kafin ka kashe ko sisi, hau ka duba. Ranar Bauchi tana tsattsage fatar waya, damina ta zo ruwa ya shiga. Yanke ɗan guntu daga bakin da ke wajen eriya: in ragar ƙarfen da ke ƙarƙashin fatar ta yi baƙi, ko kore-kore, ko farin gari, ruwa ya riga ya bi ta, wannan sashen ya tashi aiki. In tana sheƙi, sau da yawa sabon kai mai zare da naɗi mai kyau sun isa. Haɗin da aka murɗa da hannu aka liƙe da salatif, shi ne babban mai laifi a gidajenmu. Ta cikin silin kuma, ɓera ne abin tsoro.

Dikodar ma alƙali ce. Shiga wajen da take nuna ƙarfin sigina da ingancinta, ka gwada da gajeriyar sabuwar waya kusa da eriya. In inganci ya tashi sosai, tsohuwar ce matsala. In bai motsa ba, juya eriya ko ƙara mata tsawo.

Busta, wato na'urar ƙara ƙarfin sigina, ba na ba da shawararta a matsayin magani, domin ba ta gyara ruɓaɓɓiyar waya. Idan sabuwa za ka saya, sa mai shago ya fere bakin a gabanka: ragar ta zama cike, ba silli huɗu ba. Kara maganaɗisu a sillin da ke tsakiyar wayar. In ya kama, ƙarfe ne aka shafa wa tagulla, wanda zai yi aikin eriya amma ya fi saurin tsatsa in ruwa ya taɓa shi.